Yadda Muka Ceci Burtalin Unguwarmu

Shekarun baya, tun Kazaure tana cikin Jihar Kano, aka ce kowace mazaɓa ta fitar da kansilanta. Ni kuma lokacin sabon malamin firamare ne, ga keke sabo, ga biro biyu a aljihun gaba. Da unguwarmu ta kafa kwamiti, ni aka ba sakatare, don kawai ina jin Turanci. A raina kuwa na riga na zama kansila.

Unguwar tamu haɗin gambiza ce. Akwai mu Hausawa, akwai Barebari manoma, akwai Yarbawa teloli, da wani Inyamuri mai kantin magani da ya dawo bayan yaƙin basasa. Can bayan duwatsu kuma akwai rugar Fulani, su ma cikin mazaɓarmu suke. Abin da ya riƙa ɗaure mini kai shi ne, duk zaman da muka yi, ko mutum ɗaya daga rugar bai taɓa zuwa ba. Mutane suka ce ai haka suke, ba ruwansu da sha'anin gari.

Na kawo wa mahaifiyata zancen. Ta ce, "Kai da bakinka ka tambaye su, ko ji ka yi?" Na ce ji na yi. Ta ce, "Mai kawo mini nono ta ce ba su ma san ana yi ba."

Washegari na hau keke. Na tarar da ardonsu, wani dattijo siriri, yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Malam, yaushe kuke zaman?" Na ce bayan la'asar. Ya ce, "Lokacin muna mashaya. Wa ke sanarwa?" Na ce mai shela. Ya ce, "Muryarsa ba ta tsallake dutse."

Kunya ta kama ni. Muka mayar da zaman ranar Juma'a bayan an sauko, tunda kowa na shigowa gari, a inuwar kantin Inyamurin nan don shi ma ya ji.

A zaman Juma'a na farko na karanta takardar da na rubuta ta godiya ga hukuma, saboda za a gina mana tashar mota a wani fili da ke gabas da unguwa. Aka yi ta tafi. Ardo ya bari aka gama, sannan ya ce, "Filin nan burtali ne. Ta nan shanunmu ke bi zuwa ruwa. In aka toshe, sai dai su bi ta gonaki." Ya nuna Barebarin da ke zaune. Abokina, wani Babarbare mai gyaran keke, ya miƙe ya ce, "To wallahi damina mai zuwa jini za a zubar. Ba tashar muka ƙi ba, a matsar da ita."

Muka tafi sakatariya mu biyar. Na sake rubuta takarda da Turancin da ni kaina sai da na duba ƙamus. Jami'in da muka samu ya karanta layi biyu, ya kife ta, ya ce an riga an auna fili. Muna shirin tashi, ardo ya sunkuya ya yi masa wata magana da Fillanci, a hankali. Sai muka ga mutumin ya ɗago, ya amsa da Fillanci shi ma. Suka ɗan jima suna yi, mu muna raba ido. Bayan mako biyu aka zo aka cire turakun awon, aka mayar da su bakin titi.

Da aka zo fitar da kansila, abokina mai gyaran keke aka zaɓa. Ni hannu huɗu aka ɗaga mini, ɗaya nawa ne. Na yi kwana biyu ina fushi, daga baya na gane gaskiyarsu. Shi ya san kowane gida, ni takarda kawai na sani.

Na daɗe ina son jin abin da ardo ya faɗa ranar. Sai da muka saba sosai na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Ba wani abu ba ne. Na ga tsagar fuskarsa, na tambaye shi ko a gidansu akwai wanda ya taɓa kiwo. Ya ce kakansa. Na ce to, ta ina yake kai su ruwa?"

Har yau in na shiga taro na ga an ce wasu ba sa zuwa, ba na saurin yarda. Nakan tambaya wa ya je ya same su, kuma me suka ce. Sau da yawa sai a rasa mai ba ni amsa.