Mai busa na gidan basarake

Veit Hollerbach ya yi shekara ashirin da biyu yana busa sarewa a gidan wani basarake kusa da Mannheim. Ɗan masaƙi ne, limamin coci ya koya masa karatun kiɗa. Ba shi da faɗa, ba shi da surutu, in an tashi aiki sai gida.

A sanyin shekarar 1779 ya tsara kiɗan kansa, irin wanda sarewa ke jan gaba, masu goge suna amsa mata. Wata huɗu yana fama. Matarsa Apollonia takan ture takardun gefe ta ajiye miyar kabeji.

"Ci tukuna, malam, kiɗan ba zai gudu ba."

Da ya gama sai ya kai wa shugaban makaɗan gidan, Dornauer, don ya duba masa. Dornauer ya ɗan jujjuya takardun ya jefa a aljihun tebur. "Bari sai na samu sarari."

Shiru har bazara. Ranar da basarake ya yi manyan baƙi aka raba wa makaɗa sabon kiɗa, a sama an rubuta sunan Dornauer. Layin farko kawai Veit ya duba ya gane abinsa. An ɗauko wani mai busa daga Paris ya ja gaba, shi kuwa aka zaunar da shi a baya yana riƙe dogayen sautuka. Baƙi suka yi ta tafi.

Washegari ya tare Dornauer a bakin matakala.

"Maigida, kiɗana ne."

"Naka? Ɗanye ka kawo min, ni na dafa. Wuri biyu na gyara."

"Wuri biyu cikin shafi sittin."

"To, je ka gaya wa mai gidan."

Ya je ɗin. Basarake yana gyara gashin kansa, bai ko juyo ba. "Hollerbach, busa na ɗauke ka ka yi. Ka yi ta busarka." Barori suka ƙunshe dariya.

Bai sake rubuta komai ba. Apollonia ta yi ta cewa su tattara su koma Vienna, ya ce wa ya san shi a can.

Bayan shekara shida haƙoransa na gaba suka zube, iska ta daina tsayuwa a bakinsa. Aka mayar da shi ɗakin kwafar takardu. Da wani mai ɗab'in littattafai ya nemi kiɗan nan, shi aka ba ya kwafe. Ya zauna ya rubuta shi tsaf, har da sunan Dornauer a sama, don bai iya ɓata aiki ba.

Ya rasu cikin sanyin 1794, sojoji sun cika gari. Daga gidan basarake mutum ɗaya ne ya zo jana'izarsa, mai kula da dawaki.