Ziyarar Baba Manu a Argungu

Daga Birnin Kebbi

Ana sallame asuba muka bar unguwarmu ta Gesse, ni da Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina. Taubashinta za mu dubo a Argungu, Baba Manu masunci, wanda ciwon shanyewar jiki ya kwantar tun damina. Idonsa a buɗe, amma ba magana, ba motsi. Iyalinsa sun haƙura cewa bai san kowa ba, har an daina yi masa hira. Ni a lokacin ina karatun aikin ƙwaƙwalwa a Sakkwato, shi ya sa Gwaggo ta ce in zo in gaya mata gaskiya: mutumin yana ciki ko ya tafi?

A hanya

Motar haya muka samu, an cusa mu tsakanin buhunan albasa. Bayan shingen 'yan sanda, wani malami da ke gefena ya ji abin da ke tafe da mu, sai ya ce, "Ɗana, kun ga ƙwaƙwalwa, amma kun taɓa ganin mai ji cikinta?" Na ce muna ganin hanyoyin da ji ke bi. Ya ce, "Hanya daban, matahiyi daban." Na ce to shi ma da ya san matafiyin, in an rufe hanyar ta ina zai gaishe shi? Ya yi dariya, ya saya mini fura, muka rabu ba wanda ya kayar da wani.

Argungu

Da hantsi muka isa. Aka kawo tuwon shinkafa da kifi, amma Gwaggo ko kallo bai ishe ta ba. Na shiga ɗakin da Baba Manu yake kwance na yi abin da aka koya mini. Na haska idonsa, na kira sunansa, na ce ya matsa hannuna. Shiru. Zuciyata ta karye, na rasa yadda zan fara gaya mata.

Ita ko ba ta jira ni ba. Kowa da ya shigo da "sannu" yake shigowa, ita kuwa da wasan taubasai ta zo. Ta tsaya a kansa ta ce, "Kai raggo! Kifi yaƙ ƙare ga ruwa na, kak kwanta? Dama ba ka iya su ba, bawana!"

Sai yatsun hannunsa na hagu suka buɗe a hankali, duka biyar, suna fuskantar ta. Daƙuwa!

Na ce a dakata, jiki kan motsa da kansa. Na sa matarsa ta yi masa sannu, hannun bai motsa ba. Gwaggo ta sake tsokanarsa, ya sake yi mata. Matarsa ta durƙusa tana kuka, tana cewa, "Ashe duk abin da munka hwaɗi kana ji, Malam?"

Komawa

Kafin mu taso da la'asar na nuna wa iyalinsa yadda za su riƙa tambayarsa: buɗe hannu i, rufewa a'a. Mun bar jikokinsa suna rige-rigen yi masa tambaya.

Magariba ta yi mana a gida, mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Mahaifina ya tare mu a zaure yana tambayar mai jiki. Gwaggo ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Yaya, Manu na nan. Ya zage ni har sau biyu."