Idon Layin Kifi

Duk wanda ya taɓa sayen ngari, tsimammen kifin nan, a Kasuwar Iyaye Mata ta Imphal ya san Iche Apabi, in bai san sunanta ba ya san muryarta. Ita ce mai zama jikin ginshiƙi, tabarau ɗaure da zare, jarida a ƙarƙashin cinya. Kifinta sai ya kusa shekara a toshe cikin tulu kafin ta buɗe, ƙamshinsa kaɗai ya isa mutum ya tashi da kwanon shinkafa. Ni ce ta hagunta, Ibechaobi mai busasshen kifi. Tun ina amarya na same ta a wurin, shi ya sa nake ce mata Iche, wato yaya, ko da faɗa muke yi. Muna kuwa yi.

A duk layinmu ita kaɗai ta yi makaranta har ta iya karatu sosai. Kowace safiya, kafin ta yi cinikin fari, sai ta buɗe jarida ta baya. Ba ruwanta da abin da 'yan siyasa suka ce. Shafin sanarwar rasuwa take nema: wa ya mutu, ɗan wane gida ne, yaushe za a yi masa sorat. Sorat kuwa, sadakar nan da ake yi wa mamaci bayan kamar mako biyu, ba abin wasa ba ce. Wanda bai je ba ya yanke zumunci da gidan, kuma ranar tasa kada ya sa ran ganin kowa. Tana gama karantawa sai ta hau rabon aiki kamar ita ta haife mu.

"Ke da ke, gobe Nambol. Ku wanke mayafanku, kada ku je mini da farin da ya koma ruwan toka."

Idon layi muke ce mata, ba ta kuma taɓa cewa mun yi ƙari ba.

Da baƙaƙen Bangala take karatu, waɗanda aka koya wa kowa a zamaninta. Harshen namu ne, Meiteilon, rigar ce ta aro. Ita kanta ko ruwa ba ta iya roƙo da yaren Bangala ba. Wannan ne ya haɗa ta rigima da Oja Tolen, tsohon malamin makaranta mai sanƙo, wanda in ya zo sayen ngari sai ya haɗa mana da wa'azi kyauta. Wai muna da rubutunmu na kaka da kakanni, Mayek, da shi aka rubuta tsofaffin littattafanmu, sai da aka sauya addini shekaru ɗaruruwa baya aka ture shi gefe, har ana cewa an ƙona littattafan. Wai yanzu an dawo da shi makarantu, jikokinmu da shi suke rubutu.

"Iche, ki koyi baƙaƙen kakanninki tun da sauran lokaci."

"Oja, kakannina ba sa sayen kifi. Na nawa zan zuba maka?"

Haka suka yi shekaru, shi bai gaji ba, ita ba ta koya ba.

Rana ɗaya aka wayi gari jaridu sun koma Mayek. An daɗe ana faɗa, mun ɗauka zancen bakin manya ne. Mai jarida ya jefo mata tata kamar kullum, ta buɗe ta baya, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Tsohon nan mai gyaran keke na Kwakeithel ya rasu." Aka yi salati irin namu, kowa ta koma kan kayanta. Mu da ba mu san baƙi ko ɗaya ba, ina za mu gane?

Hoto take dubawa. Yawancin sanarwa da hoton mamaci ake bugawa, ita kuma rabin mutanen kwarin nan ta san su a fuska. In ta gane mutum, sai ta tare matan da ke kawo kaya daga wajensu ta ji ranar cikin hira. Ni dai na lura yatsanta ya daina bin layi, leɓenta ya daina motsi. Na kama bakina. Dabarar ta kai ta watanni.

Sai ga wata mai kawo kifi daga Moirang ta dire kwandonta a gabanmu, ko gaisuwa babu.

"Ku mutanen layin kifi, haka ake yi? A yi sorat ɗin Ene Sanahanbi babu ko mace ɗaya daga cikinku?"

Ene Sanahanbi, wato gwaggo Sanahanbi, ita ta kawo Iche Apabi kasuwa, ita ta koya mata danna kifi a tulu, da ƙafafunta suka gaza kuma ta bar mata wurin zamanta ta koma Moirang gidan 'yarta Thambal. Mai kawo kifin ta ce an yi wata guda da rasuwar, kuma an buga a jarida. Babu hoto dai.

Duk muka juya muna kallon mutum ɗaya. Da wata ce, da sai ta ce ranar mai jarida bai zo ba. Iche Apabi ta cire tabarau ta ajiye.

"Ya fito. Na riƙe shi a hannuna ban gan shi ba. Ban iya wannan rubutun ba, tun ranar da aka sauya hoto nake kallo."

Raina ya ɓaci, tausayinta kuma ya kama ni, duka a lokaci ɗaya. Na ce ta tashi mu tafi Moirang yau ɗin nan, mu ba Thambal haƙuri, mu tambayi ranar phiroi, tun da akwai sadakar cikar shekara a gaba.

"Da wace fuskar? In je in ce ku faɗa mini rana don ni makauniya ce? Idon da ya yi ɓarna shi zai gyara. Za su buga sanarwar phiroi, ni zan karanta muku ita. In ta sake wuce ni, na tashi daga wurin nan, don wurin Ene Sanahanbi ne."

Na san ta. In ta ce za ta tashi, ta tashi ke nan.

Da Oja Tolen ya zo, kafin ya buɗe baki ta turo masa kujera 'yar tsugunne. "Oja, zauna, koya mini za ka yi. In kuwa ka ce ai na gaya miki, ka ci ngarina na ƙarshe." Bawan Allah ya haɗiye maganar har maƙogwaronsa ya motsa.

Ashe baƙaƙen namu sunan sassan jiki gare su, daga sama ake farawa a gangaro. Kok, kai. Sam, gashi. Lai, goshi. Mit, ido. Oja ya dafa kansa ya ce kok, lafiya lau. Da ya zo sam ya shafa ya rasa abin kamawa, layi ya kwashe da dariya. Daga ranar ni na zama allo.

"Ibechaobi, kawo kanki."

"Iche, ina ciniki."

"Kanki nake so, ba hannunki ba."

Ta ja gashina, ta dungure mini goshi, ta murɗe mini kunne, kowanne tana kiran sunansa tana zana shi da ƙayar kifi a kan ganyen ayaban da muke ƙunshi. Masu saye suka riƙa tafiya gida da baƙaƙe naɗe da kifinsu. Ranar da aka gangaro kan baƙin da ke da sunan mazaunai, Oja ya yi tari ya hau kallon rufin kasuwa. Matan layi suka ce sai ya nuna. Bai dawo ba sai bayan mako.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Mace ta kusa saba'in, tsohon rubutu da sabo suna kokawa a kanta. Ta san sunan kowane baƙi tun kafin damina, amma haɗa su su zama magana ya ba ta wuya ƙwarai. Ta koma karanta allunan shaguna da goshin motoci da ƙarfi, a tsakiyar titi, 'yan keke suna zaginta tana ramawa. Ba ta taɓa cewa ba za ta iya ba. Abin da take cewa shi ne, "Na iya na aro ma, balle nawa."

Ranar phiroi da lissafin wata ake sa ta, don haka lokacin kawai muka sani, ba ranar ba. Da ya matso, Iche Apabi ta daina tsallake komai. Mai hoto da marar hoto, kowace sanarwa sai ta bi ta da yatsa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Rana ta take tana shafi ɗaya. Masu saye su gaji da tsayuwa su wuce gaba. Na sha ce mata ta miƙa wa Oja ya duba a minti ɗaya, ta ce in ji da busasshen kifina.

Wata safiya na ga yatsan ya tsaya. Ta goge tabarau da bakin mayafi, ta sake dubawa, sannan ta gyara murya irin ta da, wadda muka kusa mantawa.

"Sanahanbi, Moirang. Phiroi jibi ne. Ba wadda za ta buɗe kaya."

Babu wadda ta buɗe. Muka cika mota da zannuwan makoki da fararen mayafai. Mun tarar an fara, masu ganga suna tsakiyar rumfa, mawaƙa sun zagaye su. Thambal ta fito tarbar baƙi, ta gan mu, fuskarta ta ɗaure. Ta dai rusuna kamar yadda aka saba.

Iche Apabi ta ce, "Ibemma, 'yata, na ga sanarwar."

Thambal ta ce, "Ene, bara ma an buga." Ta ci gaba, "Mun so mu sa hoto, Ima, mahaifiyata, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Tana kwance na yi mata maganar, ta ce me za a yi da hoto, ku rubuta sunana kawai, Apabi za ta karanta wa layi. Tabarma guda muka shimfiɗa muku a gaba. Har aka watse babu wanda ya zauna a kanta."

Marigayiyar ba ta taɓa sanin baƙi ba, na aro ko namu. Ta mutu ba ta san an sauya komai ba.

Tun da nake da Iche Apabi ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Ba ta share su ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Ta gaya wa Thambal abin da ya faru a taƙaice, babu kwana-kwana.

Thambal ta dube ta. "To bana wa ya karanta miki?"

"Ni na karanta. Abin da mahaifiyarki ta ce ke nan."

Thambal ta juya ta shiga ɗaki, har na fara tunanin mu kama hanya. Sai ga ta da tabarma a kafaɗa. Ta ratsa mutane har gaban rumfa, ta shimfiɗa da hannunta, ta dawo ta kama hannun Iche Apabi.