Shuɗin Mai a Tankin Barisha

Barisha Vukman ya shekara talatin da ɗoriya yana jan ƙaramar bas tsakanin ƙauyenmu, Lukovitsa, da garin Sinj, kuma ban taɓa jin wanda ya ce yana jin daɗin tafiya da shi ba. Ba ya gudu, ba ya kunna rediyo, ba ya ɗaukar mutum fiye da kujerunsa ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Idan ka tsaya inda ba tasha ba ka ɗaga masa hannu, shi ma zai ɗaga maka nasa ya wuce, ya je tasha ya jira ka har ka ƙaraso da ƙafarka. Mutane su yi ta gunaguni, gobe kuma su sake shiga, don babu wata motar da ke hawowa dutsen nan sai tasa.

Ni Grgo ne, mai kantin da ke kusa da coci. Benci ɗaya muka zauna da Barisha a makaranta, kuma tun a lokacin haka yake. Ubansa makiyayin tumaki ne. Shi a soja ya koyi tuƙi, ya dawo ya yi wa kamfanin bas na gwamnati aiki, da kamfanin ya ruguje bayan yaƙi sai ya sayi tsohuwar farar bas ya ci gaba da bin hanyar shi kaɗai. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna Jamus, kamar 'ya'yan kowa. Burodin da nake sayarwa shi ke kawo mini, haka maganin tsofaffi, haka tukunyar gas. Fasinjojinsa kusan duk tsofaffin mata ne, masu zuwa ganin likita ko kai cuku da ƙwai kasuwar Asabar. Duk wanda ke da ƙarfi a ƙauyen nan ya daɗe da tafiya.

Akwai wani labari nasa da kowa ya sani. Dizal ɗin da ake sayar wa manoma don tarakta ba a ɗora masa haraji irin na mota, shi ya sa ake rina shi shuɗi, kuma duk wanda aka kama da shi a tankin mota ya shiga uku. Rabin motocin ƙauyukan nan sun taɓa ɗanɗana shi, ba wani abin ɓoyewa ba ne. Wata shekara wani Yozo, mai gonar inabi, ya kawo wa Barisha jarka guda kyauta a gaban kantina, ranar Lahadi, mutane na fitowa daga coci. Barisha ya dubi jarkar, ya dubi Yozo.

"Ɗauke abinka, Yozo. Motata ba tarakta ba ce, ni kuma ba ɓarawo ba ne."

"To waliyyi, a gaishe ka," in ji Yozo, ya kinkimi jarkarsa.

Daga ranar sunan ya bi shi. A bayan idonsa Waliyyi ake ce masa, a gabansa kuwa ni kaɗai nake faɗa. Ya ji daɗin sunan fiye da yadda yake nunawa.

Shekarar da mai ya yi tashin gwauron zabo, Barisha ya fara ramewa. Kowane mako allon gidan mai da sabon farashi, a talabijin kuma ana ta gardama kan ko za a rage haraji ko ba za a rage ba. Ya ƙara kuɗin mota sau ɗaya, ya ga yadda tsofaffin ke laluben jakunkunansu, bai sake ƙarawa ba. Ya soke zuwan Laraba. Sai kuma ya ɓullo da wata dabara: daga kwanar maƙabarta har gada, inda gangaren ba shi da tsanani, sai ya saka motar a firi, ta yi ta silalowa da kanta, shi kuma yana riƙe da sitiyari yana sauraron injin kamar mai sauraron numfashin majinyaci. Duk da haka abin bai ɗore ba. A farkon bazara, yana sauke mini burodi, ya ce idan aka kai ƙarshen wata a haka zai ajiye motar. Ya faɗa a hankali, ni kaɗai. Kafin azahar duk ƙauyen ya ji, don ni ba na iya riƙe magana, kuma ban taɓa cewa ina iyawa ba.

Wadda maganar ta fi taɓawa ita ce Baba Manda. Ta haura tamanin, tana da ciwon sukari, duk mako biyu sai ta ga likita a Sinj. 'Yarta da ke Jamus ta daɗe tana so ta ɗauke ta, ita kuma ta rantse a gidanta za ta mutu, kusa da awakinta. Abin da take kafa hujja da shi kullum shi ne bas ɗin Barisha: muddin akwai mai kai ta asibiti, babu dalilin da zai sa ta bar gida. Barisha ne ya riƙe jikanta ranar baftisma, saboda haka Kum take ce masa, kamar yadda ake kiran wanda ya zama ɗan gida ta wannan hanyar.

Abin da ya biyo baya, ni sai daga baya na ji shi. Ba su gaya mini ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Kusan kowace gwauruwa a ƙauyen nan tana da katin sayen shuɗin mai, don gonakin mazansu suna nan da sunansu, ko da taraktar ta yi tsatsa ko jika ne ke zuwa ya yi huɗa sau biyu a shekara. Baba Manda ta tara su bayan addu'ar yamma. Ba su daɗe suna shawara ba. Maganar a tambayi Barisha dai ba ta taso ba, kowa ta tuna yadda Yozo ya kwashe. Barisha kuwa yana da barcin rana bayan cin abinci, ƙarƙashin ɓauren bayan gidansa, barcin da ƙararrawar coci ma ba ta tada shi. Motar na ƙofar gida, kuma a Lukovitsa ba a kulle mota. Sai su zo ɗaya bayan ɗaya, kowacce da shuɗin mai cikin gorar ruwa a kwando an rufe da ganyen kabeji, Baba Manda ta riƙe mazurarin da marigayi mijinta ke ɗura giyar inabi da shi, a zuba, a goge bakin tankin da tsumma. Kaɗan-kaɗan suke sawa, don kada ya farga.

Ƙarshen wata ya zo, Barisha bai ajiye mota ba. Ya dawo da zuwan Laraba. Kumatunsa suka ciko.

"Grgo, ka san me ke faruwa? Gejin man nan ya daina sauka."

"Ko ya lalace ne, Waliyyi?"

"Lalacewar me? Firi ne! Da can ban iya sakin ta daidai ba. Yanzu na gano wurin, daidai gicciyen dutsen nan nake sakin ta, ba a kwanar maƙabarta ba."

"Kai dai ka koya wa mota azumi."

Maganar ta yi masa daɗi, ya ɗauke ta ya tafi da ita Sinj. A tasha, a gidan mai, a wurin shan kofi, duk inda direbobi suka taru suna kukan tsada, sai Barisha ya gyara zama ya ce shi motarsa azumi take yi, ya hau koya musu yadda ake sakin mota a gangare. Mutumin da ya shekara talatin ba ya haɗa jimla uku a jere ya zama mai wa'azi. A cikin motar ma haka yake yi wa fasinjojinsa bayani, yana nuna musu gejin da yatsa.

"Allah da iko, Kum," Baba Manda kan ce daga kujerar bayansa. Sauran su gyaɗa kai.

Haka aka yi duk bazarar. Wasu na cewa surutunsa ne ya kai kunnen da bai kamata ba. Ni ban sani ba. Jami'an kwastan masu duba mai sun saba tsayawa a gada ranar kasuwa, kowane direba ya san da haka, kuma masu abin ɓoyewa sukan zagaya ta hanyar bayan dutse. Barisha bai taɓa zagayawa ba, ba shi da dalili.

Ranar ina cikin motar, zan je sarin kaya. Ta cika da tsofaffi da kwanduna, har da zakara a kwali. Jami'in ya ɗaga hannu, Barisha ya tsaya yana murmushi, ya sauka ya buɗe tankin da kansa tun kafin a ce masa.

"Bismillah, ranka ya daɗe, duba da kyau. Shekara nawa kuna dubawa?"

Jami'in ya zura siririn tiyo, ya zuƙo man cikin ƙaramar kwalba, ya ɗaga ta sama. Ko daga inda nake zaune na ga launin. Shuɗi ne, ba mai duhu sosai ba, amma babu wanda zai kira shi da wani suna.

Barisha ya ce kwalbar ce ba ta da tsabta. Jami'in bai yi musu ba, ya ɗauko sabuwa, ya sake zuƙowa. Barisha ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juyo ya dubi cikin motar ta taga, kujera bayan kujera. Ban taɓa ganin tsofaffi da yawa haka sun sami abin dubawa a cikin kwandunansu lokaci guda ba. Nan take na gane, kuma na ga shi ma ya gane.

Baba Manda ta dafa sandarta ta fara miƙewa. "Ɗan nan," ta ce wa jami'in, "tsaya ka ji, ba shi ba ne..."

"Zauna, Baba Manda," in ji Barisha.

"Kum, bari in..."

"Na ce ki zauna. Sukarinki ne ya hau."

Ya san abin da zai biyo baya idan ta yi magana: a karɓe katunansu duka, a ci kowaccensu tara, su da ke rayuwa kan ɗan fanshon mazansu. Ya juya ga jami'in.

"Ni na zuba. Rubuta."

Tarar da ake cin mai motar haya ba irin ta kowa ba ce. Barisha bai roƙi kowa ba, bai kira 'ya'yansa ba. Ya sayar da bas ɗin ga wani mai kiwon zuma, wanda ya cire kujerun ya riƙa ɗaukar amya a ciki. Matan sun harhaɗa abin da suka iya suka aika masa ta hannun Fada, limamin cocinmu, ya mayar. A Sinj direbobi suka samu abin dariya na wata guda: ashe da shuɗi motar Waliyyi ke buɗe baki. Yozo ya zo kantina musamman don ya faɗa mini cewa shi dama ya sani. Barisha bai taɓa gyara labarin ba, kuma ya hana ni gyarawa. Wannan ce magana ɗaya tilo da na riƙe a rayuwata, har sai da matan da kansu suka fasa ta.

Babu wanda ya karɓi hanyar. Wa zai hau dutse da man wannan zamani don tsofaffi goma sha? Na koma sayar da burodin kwana uku. Kafin sanyi ya shigo an rufe gidaje biyu, 'ya'ya sun zo sun kwashe iyayensu. Baba Manda ta jure har bayan Kirsimeti, ta tsallake ganin likita sau da yawa, ƙafarta ta kumbura. Sai 'yarta da mijin 'yar suka zo da mota mai lambar Jamus, aka sayar da awakin.

Da safen da za su tafi Barisha ya zo, karo na farko da ya taka ƙofar gidanta tun ranar gada. Shi ya ɗauki akwatinta ya jera a but ɗin motar, ya sauke, ya sake jerawa don bai gamsu da yadda surukin ya yi ba. Baba Manda ta kama hannun rigarsa.

"Kum, mu dai so muka yi kada ka daina."

"Na sani, Baba Manda."

"Ka yafe?"

"Shiga, sanyi zai kama ki." Ya gyara mata bel ɗin kujera, ya rufe ƙofar a hankali, ya leƙa ya gaya wa surukin ya kula da kwana ta uku, akwai ƙanƙara.

Muka tsaya ni da shi har motar ta ɓace. Na ji tausayinsa, abin da ban saba ji ba, sai na ce masa ai ko ba komai sunansa ya dawo, yanzu kowa ya san Waliyyi bai taɓa zuba shuɗi da hannunsa ba.

"Sunan banza," ya ce. "Me ya hana su tambaye ni?"

"Su tambaye ka? Kai da ka kori Yozo a gaban coci?"

"Lokacin mai na da araha, Grgo." Ya tura hannuwansa cikin aljihu. "Da sun tambaye ni bana, da na karɓa. Da na karɓa in yi godiya, kuma da na san hanyar da zan bi ranar kasuwa. Da yanzu tana gidanta."

Ya tambaye ni ko akwai sauran burodi, na ce sai na shekaranjiya, ya ce in ba shi.