Philip Mai Juya Eriya

A kan dutsen da ke gefen garin Zuru akwai wani ɗaki mai rufin kwano, janareta a bayansa, dogon ƙarfe mai fenti ja da fari a gabansa. Tashar talabijin ta gari ke nan. Ba ta da wani ƙarfi. Eriyar da ke can saman ƙarfen fuska ɗaya gare ta: inda aka juya ta nan hoto ke zuwa, wanda ke bayanta kuwa sai dai ya kalli farin yayyafi a akwatinsa. Mai hawa ya juya ta shi ne Philip, kuma ya haura shekara ashirin yana wannan aiki.

Soja ya so zama kamar yayyensa, aka auna shi aka ce tsawo bai kai ba. Ya koma gona, yana rataye amyar zuma a kan ɗorawa. A can Manjo Talle ya gan shi. Manjo tsohon soja ne da ya yi ritaya ya rasa abin yi, ya sayo kayan tasha na hannu daga Kaduna, ya rasa wanda zai hau ƙarfen. Ya tsaya gindin ɗorawa ya ɗaga kai ya ce, "Kai, ba ka jin jiri?" Philip ya ce ba ya ji. Maganar ɗaukar aiki ta ƙare a nan.

Ranar da aka buɗe tashar, Manjo ya tsaya gindin ƙarfen, ya ɗaga sandarsa ya nuna ƙauyensu, ya ce tsohuwarsa za ta fara ganinsa. Philip ya hau da sifana ya juya eriya can. Ba wanda ya ce wannan doka ce, amma ta zauna. Duk wanda ya sayi tashar sai ya zo ya tsaya a wurin ya nuna, ma'aikata kuma suna kiran abin ranar nuni.

Bayan rasuwar Manjo 'ya'yansa suka sayar wa wata majami'a. Aka canja suna, aka sake fentin allo, aka hana shan burkutu a harabar. Fasto ya nuna unguwar mishan da Littafi a hannu, bayan addu'ar da ta sa ƙafar Philip ta yi tsami tun kafin ya hau. Majami'ar ta riƙe tashar da kyau har man janareta ya fi ƙarfinta. Sai wani ɗan kwangila mutumin Ribah ya karɓa, mai son tsayawa takara. Shi Ribah ya nuna. Philip ya gaya masa sau ɗaya cewa hoton ba zai kai ba, mutumin ya ce a dai juya, Philip ya juya. Shekara da shekaru tashar tana yi wa daji da shanu jawabi, 'yan gidajen da ke bakin hanya kawai ke samu. Da takara ta watse, mutumin ya daina hawa dutsen. Philip bai daina ba. Yana share ciyawa, yana shafa wa ƙarfe girisi.

Duk waɗannan masu tashar sun yi jawabi ranar da suka zo, kowa ya ce zamani ya canja. Philip ba ya riƙe jawabi. Abin da ya sani shi ne wanda ya sayo sabuwar igiya da wanda bai sayo ba.

Gidansa a unguwar Rikoto yake, kuma ba a taɓa nuna Rikoto ba. Matarsa Leah tana da talabijin a ɗaki, kyautar Manjo, an lulluɓe ta da farin saƙa, an ɗora mata furen roba. Wasu maƙwabta sun kafa farantin kamo tashoshin waje suna kallon ƙwallon Turai, amma ba farantin da ke nuna bikin Uhola ko sanarwar rasuwar wanda ka sani. Leah ta saba da zolayar matan zumuntar coci, masu cewa mijinta na raba wa gari hoto gidansa babu. Takan yi dariya ta wuce.

Bana abin ya daina ba ta dariya. Ndubuisi, mai shagon talabijin da fanka a bakin kasuwa, ya sayi tashar, kuma ya ɗauki 'yarsu Glory ta riƙa karanta labarai da C'lela, yaren mutanen garin. Leah ta je zumunta ta gayyaci kowa, ta ce ranar farko a tsakar gidanta za a kalli Glory. Sai da ta gama gayya ta gaya wa mijinta.

"Maman Glory, ba a yi nuni ba tukuna," in ji Philip.

"To wa zai hau in an yi?"

"Ni."

"Kai kaɗai. Wa zai bi ka sama ya duba? Ka karkata ta kaɗan, ba wanda zai mutu."

"Ba tawa ba ce."

"Yarinyar fa? Ita ma ta Ndubuisi ce?"

Philip ya ci gaba da cin tuwonsa. Ya san kunyar da ke jiran matarsa: mata cike da tsakar gida, kowa da kujerarta, akwati na ta yayyafi. Abin ya tsaya masa a rai, amma bai taɓa juya eriya inda mai ita bai nuna ba, kuma ba ya jin zai fara da furfura a kansa.

A gari ana ta wasa cewa Ndubuisi Anambara, tushen iyayensa, zai nuna. Shi kuwa a Zuru aka haife shi, nan aka binne ubansa, Hausarsa ta fi ta Philip gudu. Ya riga ya gaya wa ma'aikata cewa kasuwa da babban titi zai nuna, don can masu talla suke. Philip ya kai wa Leah wannan labari yadda yake, bai rage komai ba. Ta ɗauki gyalenta ta fita.

Bayan kwana biyu-uku Ndubuisi ya hau dutsen a kan babur, ya sami Philip yana wanke matatar janareta.

"Baba Philip, kai ka turo min rundunar nan?"

"Wace runduna, Oga?"

Ndubuisi ya zauna kan jarka ya ba shi labari. Ranar kasuwa mata suka cika masa shago, duk da zanen zumunta iri ɗaya, Leah a gaba. Suka sa aka kunna musu kowace talabijin. Wata Monica ta sa aka sauko mata da babbar da ke can sama, ta shafa ta gaba da baya, ta tambayi ko tana jure ƙura. Wata Theresa ta yi ciniki har ya sallama. Sai kowacce ta miƙe ta gyara zani ta ce, "Da a kasuwa nake kwana da na saya, amma a Rikoto muke, ba hoto." Suka fita ɗaya bayan ɗaya, ko batir ba su saya ba. Washegari wasu suka zo suka yi haka.

"Na ce mata, Mama, na san ke matar wa ce," in ji Ndubuisi. "Ta ce, to ka san ba shi ya aiko ni ba, wannan ko ruwa yake so sai ya tashi ya ɗebo da kansa."

"Gaskiya ta faɗa," in ji Philip.

"Kai me kake so?"

"Inda ka nuna, nan zan juya."

Ndubuisi ya dube shi, ya yi dariya, ya hau babur ɗinsa. Da yamma Philip na dawowa gida ya hango shi yana zagaya lungunan Rikoto a hankali, kansa a sama, yana kallon rufin gidaje.

Ranar nuni aka dafa shinkafa, aka jera lemo a bokitin ƙanƙara. Jawabin Ndubuisi gajere ne, kuma ya zo da sabuwar igiya a cikin leda, abin da Philip ya fi lura da shi ke nan. Ya tsaya gindin ƙarfen ya ɗaga hannu, sai ya rikice, don daga kan dutse duk rufin kwano iri ɗaya ne.

"Baba Philip, ina Rikoto take daga nan?"

Philip ya nuna masa da haɓa. Ndubuisi ya miƙa hannu can. Wani mai shagon magani da ya zo cin shinkafa ya ce, "Mu 'yan kasuwa fa?"

"Ku duk kun saya a wurina tuntuni," in ji Ndubuisi. "Can kuwa na zaga, rufi bayan rufi ba eriya. Za ku samu gefen hoton, ya ishe ku."

Philip ya ɗaura igiya ya kama hawa. Gwiwa ta fara ba shi labari tun bai yi rabi ba, ya ƙyale ta. Nocin ya yi tsatsa tun zamanin ɗan kwangila, sai da ya zuba masa baƙin mai ya jira kafin ya motsa. Da ya juya eriyar ya bi bakinta da kallo, ya hango mangwaron gidansa da jan barkonon da Leah ta shanya. Ya ɗaure noci ya sauko, ya ci shinkafarsa.

Shi bai ga labaran ba. Yana bayan ɗaki a tsugune kusa da janareta, hannunsa a kan makunni, don kada ya mutu 'yarsa na tsakiyar magana. Da aka gama ya goyo Glory a babur suka gangaro, rana ba ta gama faɗuwa ba.

Tsakar gidan ba wurin taka ƙafa. An fito da talabijin an ɗora kan turmi, an jawo waya daga janaretan maƙwabci. Mata suka taso da guɗa suka janye Glory zuwa ɗaki. Monica ta ce da yarinyar ta yi gaisuwa duk suka amsa, Theresa har da tambayarta gajiya. Philip ya tambayi wane labari aka karanta, aka rasa wadda ta riƙe ko ɗaya.

Leah ta ajiye masa kwano a gabansa, da cinyar kaza a kan tuwon. Ta zauna gefensa tana fifita da murfin kwano.

"Kin gan ta?" in ji shi.

"Tar da ita. Amma Baban Glory, duk ku maza a can ba wanda ya gaya mata ɗankwalinta ya karkace? Gobe ka faɗa mata ta gyara kafin ta zauna."

"Ga ta can a ɗaki," in ji Philip, yana wanke hannu. "Ki gaya mata da kanki."