Yadda Na Kafirta Yayana Saboda Jakuna Uku

Edita, a lokacin da Turawa ke shirin tafiya ni saurayi ne a Illela, ban da boko, ban da gona, sai jakuna uku. Sana'ata ita ce in ɗauki kayan fatake, atamfa ko goro, in bi da su ta bayan Araba zuwa Konni a tsallaken iyaka ba tare da mun gaisa da 'yan kwastan ba. Gida ɗaya muke da yayana, wanda ya auri 'yar Konni. Duk ranar da zai kai ta ganin iyayenta sai jandarma sun shanya su a rana kan takardar wucewa.

Da zaɓe ya matso, wata jam'iyya ta zo kasuwa da mota da lasifika. Mai jawabinsu ya rantse cewa in suka ci, za su tumɓuke iyakar nan, kowa ya wuce da kayansa. Kasuwa ta ɗauki tafi, har da yayana. Ni kuwa ban tafa ba, domin in babu iyaka, wa zai nemi mai zagaye ta? Nan take na koma ɗaya jam'iyyar, ban ma san abin da suke cewa ba. Na dai bincika na tabbatar ba su yi alkawarin gyara komai ba.

Amma kunya ta hana ni faɗin dalilina, sai na ari na manya. Na riƙa cewa addini nake karewa da mutuncin magabata. Wata rana a majalisar ƙofar gida gardama ta yi zafi, na ce duk mai bin waccan jam'iyya ya bar Musulunci. Yayana ya tambaye ni a hankali ko har da wanda ya koya mini alwala. Mutane suka yi dariya, dariyar ta ƙona ni, na ce har da shi. Washegari na raba tsakar gida da zana, na ɗauke gugar rijiya na kai ɗakina. Inna ta ce ba ta taɓa ganin mutum biyu da ba su iya karanta takarda ba suna faɗa a kanta.

Ranar zaɓe aka ba ni takardata, aka tura ni bayan labule ni kaɗai. Ga akwatuna jere, kowane da hotonsa. Na gane namu, amma na ga rashin ladabi ne in cusa takardar manya cikin rami. Sai na shimfiɗa ta a kan akwatin, na danne da dutse kada iska ta ɗauke. Na fito ina taƙama. Bayan kwana biyu malamin zaɓe yake ba da labari a kasuwa yana dariya, wai wani gaula ya ajiye tasa a sama kamar goron gaisuwa, ba a ƙirga ta ba. Na taya shi dariya.

Iyaka ba ta motsa ba, ma'aikata ma aka ƙara, kuma 'yan jam'iyyun biyu duk ni ke zagaya musu da kaya. Yayana kuwa ya tattara ya koma Konni. Shekaru na yi ina wuce unguwarsa da jakuna, kullum ina cewa sai na dawo zan shiga. Daga baya mun riƙa gaisawa a wajen suna da jana'iza, irin gaisuwar baƙi. Da daminar bana Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki matarsa ta gaya mini cewa tun ranar lasifika ya san jakuna nake ji wa tsoro, kuma ya sha cewa da na ce masa maganar abinci ce, da akwatina zai bi.

Abin da na koya shi ne, yawancinmu cikinmu ke zaɓe, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a naɗa wa ciki rawani. Masu karatu, in tuwonku kuke karewa ku ce tuwo ne, ɗan'uwa zai gane. Kalmar da na jefi yayana da ita, yanzu babu wanda zan roƙa ya yafe mini ita sai Allah. Ku sa shi a addu'a.