Kunnen Dokin Kwamanda

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sharar barga a barikin soja, har sunansa ya ɓace, kowa sai Na-Barga. Bai taɓa riƙe bindiga ba. Saninsa bai wuce dusa da ingirici da duban kofato ba.

A shekararsa ta tara aka kawo mai zane ya zana kwamanda a kan doki, don a rataye a zauren hafsoshi. Kwamandan mutumin mota ne, bai iya hawa ba. Dokin kuwa baƙi ne mai zuciya, ba ya yarda da kowa sai Na-Barga. Kwana shida ana fitowa da hantsi, kwamanda a sama ya turo ƙirji yana nuna gaba, shi kuma a ƙasa ta hagu riƙe da linzami. Da aka gama, sai ga doki a hoton ya ɗaga ƙafafun gaba, kwamanda ya tanƙwara shi da hannu ɗaya kamar wasa. Inda Na-Barga ya tsaya, ciyawa aka zana. Sau ɗaya ya ga hoton, ta taga, don irinsa ba sa shiga zauren.

Doki ya mutu, kwamanda ya bi shi, Na-Barga ya yi ritaya. Sannu a hankali yanar ido ta soma rufe masa gani. Da ya ji za a rushe zauren, ya ce wa autarsa ta ajiye ɗinkinta ta raka shi, wai akwai wanda zai gaisar. Ta ce duk tsaransa na barikin ai sun riga mu gidan gaskiya. Shi dai ya laluba hularsa.

Sajan na bakin ƙofa ya tsokane shi, wai ko aikin soja ya zo nema da wannan sandar tasa, sannan ya buɗe musu. Hoton yana ƙasa, jingine da bango a bayan karyayyun kujeru. Tsohon ya durƙusa, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓawa. Inuwa kawai yake gani.

"Auta, duba mini kunnuwansa."

"Na kwamandan, Baba?"

"Na dokin."

Ta goge ƙurar da bakin mayafinta. Ta ce ɗaya yana kallon gaba, ɗayan kuma ya juyo hagu, ƙasa-ƙasa, wajen da babu kowa sai ciyawa.

Ya ajiye sandarsa a ƙasa.

"Ashe mai zanen bai gyara wannan ba," ya ce a hankali. "Kama hannuna ki ɗora a wajen."